Jawabi Kan Zaɓen RAM Ga Mai Harhaɗa Kwamfutarsa Ta Farko



Abin da wannan jawabi zai yi magana a kansa ɗan ƙarami ne a ido, tsawonsa bai kai taƙi guda ba, nauyinsa kuwa bai wuce na 'yan mabuɗai ba. Sunansa RAM, kuma babu kwamfutar da za ta tashi in babu shi. A 'yan shekarun nan samari da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anacha sun gane cewa mutum yana iya sayen kayan kwamfutar tebur ɗai-ɗai ya harhaɗa abarsa da hannunsa, ko don ya buɗe shagon buga takardu, ko don karatu, ko don aikin hoto da bidiyo. Lalle wannan abin yabo ne. Sai dai kuma kuɗin da ake zubawa a ciki gumin watanni ne, wani lokaci ma har da na adashi ko rance. Wanda ya sayo RAM ɗin da bai dace da sauran kayansa ba zai zauna gaban kwamfutar da fankarta ke juyawa amma allon kallo baƙi ƙirin. In kuwa ya yi rashin sa'a ya danna sandar RAM da ƙarfi a gurbin da ba nata ba, asarar ta zama biyu, domin babban allon da ake kira madabod shi ma ya tafi.

Saboda haka maganar da ake so mai sauraro ya koma gida da ita guda ɗaya ce. RAM shi ake saye daga ƙarshe, bayan an tsai da shawara a kan furosesa da babban allo, domin waɗannan biyun su ke yanke irin wanda zai yi aiki. Duk sauran bayanin da zai biyo baya a ƙarƙashin wannan magana yake.

AIKIN RAM A CIKIN KWAMFUTA

Ɗan kasuwar da ke da sito cike da kaya ba ya sayar wa mutane daga cikin siton. Da safe yakan ɗebo abin da zai bukata ya baje a kan tebur inda hannunsa zai kai nan take, da yamma kuma ya kwashe. Haka kwamfuta take. Ma'ajiyarta ta dindindin, watau faifan ajiya ko SSD, ita ce sito. RAM shi ne tebur. Furosesa kuwa, wadda ke yin lissafin duka, ita ce mai shago. In tebur ya yi ƙanƙanta sai mai shago ya yi ta zirga-zirga zuwa sito, masu saye suna tsaye suna jira. Wannan jiran shi ne nawar da ake gani a kwamfuta sa'ad da aka buɗe ayyuka da yawa a lokaci guda.

Bambancin da ke akwai shi ne teburin kwamfuta ba ya riƙe kome in babu wuta. Kowane ɗigon bayani yana zaune ne a cikin wani mitsitsin ma'ajin lantarki mai yoyo, wanda sai an riƙa sabunta shi sau da yawa a cikin kowace daƙiƙa. Da zarar an ɗauke wuta, abin da ke kan tebur ya tafi, shi ya sa takardar da aka buga ba a adana ba take ɓacewa. Mazaunin waɗannan garuruwa ba ya bukatar dogon bayani a kan ɗauke wuta, kuma babu RAM, kome tsadarsa, da zai yi maganin wannan sai an haɗa da na'urar riƙe wuta ta UPS.

Wani injiniya na kamfanin IBM a Amurka, Robert Dennard, shi ya ƙago wannan dabara, aka ba shi takardar mallakar ƙirƙira a 1968. A 1970 kamfanin Intel ya fitar da wata ƙwaya mai suna 1103 wadda ke ɗaukar ɗigon bayani 1,024 kacal. Sanda guda ta gigabait 8, irin wadda yaro ke sawa a aljihu a yau, tana ɗaukar abin da ya haura ninki miliyan 60 na wannan.

ZUBI YA BAMBANTA DA ZUBI

Akwai wata ƙungiya ta masu ƙera kayan lantarki mai suna JEDEC, wadda hedkwatarta ke Amurka. Ita ke shimfiɗa ƙa'idojin da masu yin RAM ke bi. Zubin farko na DDR ya fito a 2000, DDR2 a 2003, DDR3 a 2007. DDR4 ya shiga kasuwa a 2014. DDR5 kuwa an fitar da ƙa'idarsa a 2020, ya shiga kasuwa a 2021. Mai harhaɗa sabuwar kwamfuta yau tsakanin biyu na ƙarshe zai zaɓa.

Abin lura shi ne waɗannan zubi ba sa maye gurbin juna. Sandar DDR3 ta kwamfutar tebur tana da haƙoran tagulla 240 a gefenta, tana aiki da bolt 1.5. Ta DDR4 tana da haƙora 288, tana aiki da bolt 1.2. Ta DDR5 ita ma haƙora 288 gare ta, amma da bolt 1.1 take aiki, kuma na'urar daidaita wutarta a jikin sandar take, alhali a zubin baya babban allo ne ke wannan aiki. Tun da yake DDR4 da DDR5 tsawonsu ɗaya, yawan haƙoransu ɗaya, ido zai iya ruɗuwa. Don haka ne masu ƙira suka bar wani giɓi a tsakanin haƙoran, kamar wushirya, wanda ke haɗuwa da wani ɗan tudu a cikin gurbin. Matsayin wannan giɓi ya bambanta daga zubi zuwa zubi. Idan sanda ta ƙi shiga bayan an juya ta an sake gwadawa, to, ba tata ba ce, sai a cire hannu.

WA KE YANKE HUKUNCI?

A zamanin da, sashen da ke sarrafa RAM a kan babban allo yake. Kamfanin AMD ya mai da shi cikin furosesa tun daga Athlon 64 a 2003, Intel kuma ta bi sahu a 2008. Ma'anar wannan ita ce furosesa ce ke faɗin zubin da ta sani da gudun da za ta iya ɗauka, babban allo kuma shi ke da guraben da za a soka sandunan. Dole ne su biyun su yarda.

A gefen AMD lamarin a fili yake. Duk furosesar da ke zama a mazaunin AM4, wanda ya fito a 2016, DDR4 kaɗai take ci. Mazaunin AM5 na 2022 kuwa DDR5 kaɗai ya sani. A gefen Intel akwai wurin da ƙafa ke zamewa. Furosesoshin Core na zubi na 12 da na 13 da na 14, waɗanda ke zama a mazaunin LGA1700 tun daga 2021, suna iya aiki da DDR4 ko DDR5, amma kowane babban allo ɗaya daga cikin biyun aka yi masa gurabe. Kamfani ɗaya yakan fitar da allo biyu masu suna kusan iri ɗaya, sai dai ɗaya an ƙara masa D4 ko DDR4 a ƙarshen sunan. Wanda bai karanta sunan har ƙarshe ba zai iya sayo DDR5 ya tarar allonsa na DDR4 ne. Mazaunin LGA1851 da Intel ta fitar a 2024 ya rufe wannan ƙofa, domin DDR5 kaɗai yake karɓa.

Wani zai ce ai DDR3 ya fi araha, kayansa kuma sun cika kasuwar na-hannu. Gaskiya ne. Amma kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma galibin furosesoshin zamanin DDR3 ba sa cikin jerin waɗanda aka amince su ɗauki Windows 11. Wanda ke ɗora sana'arsa a kan irin wannan kwamfuta ya kamata ya san haka tun kafin ya biya.

DOGUWA DA GAJERA, TA GIDA DA TA MA'AIKATA

Bayan zubi sai siffa. Sandar kwamfutar tebur doguwa ce, ta ɗan haura santimita 13, ana kiranta DIMM. Ta kwamfutar tafi-da-gidanka gajera ce, ba ta kai santimita 7 cikakku ba, ana kiranta SO-DIMM, haƙoranta 260 a DDR4, 262 a DDR5. Gajerar ba ta shiga gurbin doguwa. Wannan kuskure yakan auku ne ga wanda ya aika a sayo masa, ya ce a kawo DDR4 gigabait 8 bai ƙara kome ba.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Manyan kwamfutocin bankuna da kamfanoni, waɗanda ake kira saba, suna amfani da wata irin sanda mai ƙarin ƙwaya a tsakiyarta da ke tsayawa tsakanin furosesa da sauran ƙwayoyin. Idan aka sauke waɗannan kwamfutoci daga aiki a ƙasashen waje, sandunansu sukan shigo cikin kayan tokumbo, manya-manya, gigabait 16 ko 32, a farashi mai jan hankali. A DDR3 da DDR4 irin wannan sanda takan shiga gurbin kwamfutar gida daram, amma kwamfutar ba za ta tashi ba, domin furosesar gida ba ta san yarenta ba. Ana gane ta daga takardar da ke manne a jikinta. Idan aka ga harafin R bayan lambar gudu, kamar PC3-10600R ko PC4-2400T-R, ta ma'aikata ce. Harafin U shi ne alamar ta gida, harafin S kuma ta tafi-da-gidanka. Haka nan rubutun 1Rx4 ko 2Rx4 yawanci na saba ne, na gida kuwa 1Rx8 ko 2Rx8 ko 1Rx16 ake gani. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta zauna daidai.

GIGABAIT NAWA, SANDA NAWA?

Windows 11 ba ta hawa kan abin da ya gaza gigabait 4, amma wannan iyakar tashi ce kurum, aiki a kai wahala ne. Gigabait 8 zai ɗauki buga takardu da ɗan yawo a intanet. Gigabait 16 shi ne matsakaicin da zai wadaci mai shago da ɗalibi har 'yan shekaru masu zuwa. Mai haɗa bidiyo ko zanen gine-gine ya nufi 32. Abin da ya wuce bukata kuwa ba ya ƙara gudu, kamar yadda faɗin tebur ba ya ƙara ciniki in kayan da ake bajewa ba su cika rabinsa ba. Kowane babban allo yana da iyakar abin da zai ɗauka gaba ɗaya da kuma iyakar kowane gurbi, kuma duka biyun suna rubuce a littafinsa.

Sa'an nan sai maganar adadi, wadda mutane da yawa ba su ba ta muhimmanci. Furosesar gida tana da hanyoyi biyu zuwa ga RAM. In aka sa sanda ɗaya ta gigabait 16, hanya ɗaya ke aiki, ɗayar tana zaune banza. In aka sa sanduna biyu na gigabait 8, hanyoyin biyu suna aiki tare, yawan bayanin da zai iya wucewa a daƙiƙa ya ninka. Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan shi ne mai furosesar da sashen hoto ke cikinta, wanda bai sayi katin hoto na dabam ba, domin sashen hoton daga wannan RAM ɗin yake ɗiba. Galibin masu harhaɗawa da ƙaramin jari a wannan sahu suke.

A allon da ke da gurabe huɗu, ba kowane biyu ake cikawa ba. A mafi yawan alluna gurbi na biyu da na huɗu ne in aka ƙirgo daga wajen furosesa, waɗanda aka rubuta wa A2 da B2. Wanda ya jera sandunansa biyu kusa da juna a gurbi na ɗaya da na biyu ya ɗora su a hanya ɗaya, ya yi asarar abin da ya biya. Littafin allo yana da zanen da ke nuna wannan.

Cika gurabe huɗu kuma ba kullum yake zama alheri ba, musamman a DDR5. Alal misali, AMD ta ba furosesoshin Ryzen 7000 gudun 5200 in sanduna biyu ne, amma in huɗu ne lambar da ta lamunta ta sauko zuwa 3600. Saboda haka sanduna biyu manya sun fi huɗu ƙanana.

Abin da ya fi dacewa shi ne a sayi sandunan biyu a kwali ɗaya, domin kamfani ya gwada su tare. Sanduna biyu masu suna ɗaya da aka saya a lokuta dabam suna iya ɗauke da ƙwayoyi na masana'antu dabam. Sau da yawa sukan yi aiki, wani lokaci kuma su ƙi. In gudunsu ya bambanta, kwamfuta za ta mai da su duka zuwa gudun mai nawar cikinsu.

KARANTA LAMBOBIN GUDU

Idan aka rubuta DDR4-3200, ana nufin sandar tana miƙa bayani sau miliyan 3,200 a daƙiƙa. A kowace miƙawa bait 8 ke wucewa, watau megabait 25,600 a daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci ake rubuta wa wannan sanda PC4-25600. Suna biyu ne na abu ɗaya. Haka DDR5-4800 shi ne PC5-38400.

Lamba ta biyu ita ce wadda ke bayan haruffan CL. Tana nuna yawan bugun agogon da sanda ke jira kafin ta amsa abin da aka tambaye ta. Ƙaramar lamba ta fi, amma ba a kwatanta ta tsakanin sanduna masu gudu dabam sai an yi ɗan lissafi. A ninka lambar CL da 2,000, a raba da lambar gudu, abin da ya fito shi ne jiran a ma'aunin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. DDR4-3200 mai CL16 zai ba da 10. DDR5-6000 mai CL30 shi ma 10 zai bayar. DDR4-3200 mai CL22 kuwa 13.75 ne. Da wannan lissafi mai saye zai gane cewa babbar lambar CL ta DDR5 ba aibi ba ce, zai kuma gane dalilin da ya sa sanduna biyu masu gudu ɗaya suke da farashi dabam.

Akwai wani abu da ke sa sababbin masu harhaɗawa su yi zaton an cuce su. Mutum ya sayi sanda an rubuta 3200 a kwalinta, ya kunna kwamfuta ya ga tana gudu a 2133 ko 2400. Dalili shi ne a jikin kowace sanda akwai wata 'yar ƙwaya da ke ɗauke da bayanin gudunta, kuma babban allo yakan fara da gudun ƙa'ida wanda ya tabbata ba zai ba da matsala ba. Gudun da ke kan kwali yana ajiye ne a wani tsari na dabam, wanda Intel ta fito da shi a 2007 da sunan XMP, AMD kuma ta fito da nata a 2022 da sunan EXPO. Sai an shiga BIOS an kunna shi da hannu. Amma a sani, in gudun ya haura abin da mai furosesa ya lamunta, babu wanda ya yi alkawarin zai zauna. Ryzen 5000 an lamunce masa DDR4-3200. Core na zubi na 12 an lamunce masa DDR4-3200 ko DDR5-4800. Wanda ke son kwamfutar sana'a mai kwanciyar hankali ya tsaya kusa da waɗannan lambobi, ya bar tseren gudu ga masu kuɗin wasa.

Har ila yau, kowane kamfanin babban allo yakan buga a shafinsa na intanet jerin sandunan da ya gwada a kan kowane allo, ana kiran jerin QVL. Sandar da ke ciki an tabbatar da ita. Wadda ba ta ciki ba lalle ne ta ƙi aiki ba, domin ba duka aka gwada ba, amma wanda ba shi da halin mayar da kaya ya fi masa sauƙi ya zaɓa daga cikin jerin.

MISALI GUDA

A ɗauka wani saurayi a Agege yana son kwamfutar shagon buga takardu da cike fom. Ya zaɓi Ryzen 5 5600G, wadda ke da sashen hoto a cikinta, da babban allo na B550. Mazaunin AM4 ne, saboda haka zubin DDR4 ne, babu gardama. Kwamfutar tebur ce, saboda haka doguwar sanda ce mai harafin U. Furosesar an lamunce mata 3200. Sashen hoto daga RAM zai ɗiba, saboda haka sanduna biyu ne. Abin da zai rubuta a takarda ya tafi da shi kasuwa shi ne DDR4-3200, gigabait 8 guda biyu a kwali ɗaya, ta tebur, CL16 in aljihu ya kai. Kowace kalma a wannan takarda daga furosesa da allo ta fito. Da a ce Core i5-12400 ya zaɓa, da sai ya fara duba ƙarshen sunan allonsa kafin ya rubuta kome.

Abu ɗaya ya rage masa, watau tsayi. Sanda tsirara tsayinta kamar milimita 31 ne, amma masu rigar ƙarfe da fitilu sukan haura 40. In na'urar sanyaya furosesa babba ce, tana iya rufe gurbin farko ta hana doguwar riga shiga. Fitilun ado ne kawai, ba sa ƙara gudu.

A KASUWA

Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya, Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Sauran sunayen da aka saba gani a kwali, irin su Kingston da Corsair da G.Skill, daga masana'antu suke sayen ƙwayoyi su jera a kan sanda. Tun da yake tushen kaɗan ne, farashi yakan tashi ya sauka a duniya baki ɗaya. A ƙarshen 2025 ya yi tashin gwauron zabo, saboda kamfanonin da ke gina manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta kwashe abin da masana'antu ke fitarwa. A lokacin tsada irin wannan kuskuren saye ya fi ciwo, kuma a lokacin ne mai neman araha ya fi faɗawa hannun marasa gaskiya.

Wanda zai shiga Computer Village a Ikeja, ko kasuwar Alaba, ko makamantansu a sauran garuruwa, ya tafi da cikakken sunan allonsa da na furosesarsa a rubuce, in da hali ma ya riƙe littafin allon. Ya karanta takardar da ke jikin sandar da idonsa, ya duba haƙoran ko akwai ƙuna ko karce. In ta hannu ce, ya nemi a soka ta a kwamfuta a gabansa. Akwai wata manhaja ta kyauta mai suna CPU-Z wadda ke karanto abin da ke cikin ƙwayar bayanin sandar, girmanta da gudunta da wanda ya yi ta, domin takardar manne ana iya canza ta. Kada ya firgita in ya ga 1600 a inda yake tsammanin 3200, domin DDR sau biyu yake miƙa bayani a kowane bugun agogo, manhajar kuwa bugun take nunawa. Daga nan ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar sandar da kwanakin garanti, a kuma yi magana a fili a kan mayarwa kafin kuɗi su bar hannu. Matambayi ba ya ɓata, kuma mai sayarwa na kirki ba ya jin haushin tambaya.

SAKAWA DA GWAJI

Kafin a taɓa kome a zare wayar wuta daga bango. A taɓa ƙarfen akwatin kwamfutar domin a sauke lantarkin da jiki ke tarawa, wanda ya fi yawa a lokacin hunturu da kuma ɗaki mai na'urar sanyaya iska. A riƙe sanda ta gefe-gefe, kada yatsa ya hau haƙoran. A buɗe maƙallan gurbin, a daidaita giɓi da tudu, a danna ƙarshen biyu har a ji ƙas. Sandar da ba ta zauna sosai ba tana cikin manyan dalilan da ke hana sabuwar kwamfuta tashi, kuma alluna da yawa suna da 'yar fitila mai rubutun DRAM da ke kamawa in matsalar daga nan take.

A kunnawar farko, musamman da DDR5, allon kallo yana iya zama baƙi na 'yan mintoci, domin babban allo yana auna sandunan yana daidaita kansa da su. A yi haƙuri a jira, kada a yi ta kashewa da kunnawa. In an jira babu labari, a kashe, a cire sanda ɗaya, a gwada kowace ita kaɗai a gurbin A2. Ta haka za a gane ko sanda ce ta lalace ko gurbi.

Bayan kwamfuta ta tashi, sauran aiki ɗaya. Sanda mai rauni tana iya aiki kwana da kwanaki, sa'an nan ta riƙa kashe kwamfuta ba zato, ko ta ɓata takardun mutane ba a sani ba. Akwai manhajar MemTest86 da ake ɗorawa a kan filas a tashi kwamfuta da ita, Windows ma tana da nata abin gwajin. A bar gwajin ya zagaya sau da yawa, ko da zai kwana yana yi. Kuskure ko guda ɗaya ya isa dalili. In an kunna XMP ko EXPO, a kashe a sake gwadawa. In kuskuren bai tafi ba, a mayar da sandar tun kwanakin garanti ba su ƙare ba.

A taƙaice, wanda ya tara kuɗinsa da wahala a baƙon gari ya fara da furosesa, ya bi da babban allo, ya buɗe littafin allon ya rubuta zubi da siffa da girma da gudu, sa'an nan ya nufi kasuwa. In wani daga cikin 'yan'uwa ya riga ya harhaɗa tasa, ya dace ya raka na baya zuwa kasuwa ranar sayen farko, kamar yadda aka saba yi wa sabon zuwa a kowace sana'a a waɗannan garuruwa.